Yayana Baduku da Takardar da Ta Makara

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, babu wanda zai yi saura. Yau kwana bakwai ke nan da aka fita da yayana ta ƙofar zauren nan namu na Fagge, ƙofar da shi ya kafa wa ƙyaure da hannunsa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Mu shida aka haifa, ni kaɗai na rage ina shan iskar duniya.

Ni ban san baƙi ba, ban san wasali ba, sai ɗan abin da zan yi salla da shi. Jikana ne zaune a gabana da alƙalami, ina faɗa yana rubutawa. Ɗan ɗana ne, maraya tun yana rarrafe, ni da Yaya muka rene shi a gidan nan. Na ce da shi, “Maigida, zo ka rubuta mini yayana kafin mutane su watse su manta da shi.” Ya ce, “Haba tsohuwa, ki bari a yi arba'in mana, zuciya ta huce.” Na ce a'a, ba zan jira arba'in ba. Akwai wata magana a bakina wadda in ya ji ta, mai yiwuwa ba zai ƙara taka ɗakina ba, kuma in ban da shi ba ni da kowa. Duk da haka sai na faɗe ta. Amma bari in fara da mamacin, shi ne mai hakki.

Mutane sun zo, ba laifi. Dukawa 'yan'uwan sana'arsa suka rufe rumfunansu suka zo da ƙanshin fata a jikinsu. Liman ya ce tun da aka ba shi limancin unguwar nan bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa Yaya a jikin bango ta hannun dama ba. Wata mai tuyar ƙosai ta shigo tana kuka, ta ce wa zai ƙara ɗinke wa 'ya'yanta takalma ya kore ta da faɗa in ta kwance bakin zani. Leburorin tashar jirgi ma sun zo, suka tsuguna a rana don tabarmi sun ƙare.

A cikin gida kuwa, inda mata suke, na ji wata maƙwabciya ta sunkuya tana ce wa 'yar'uwarta, “Mutumin kirki, wallahi. Ba don mantuwar nan da ya yi wa yaro ba.” Ɗayar ta ce, “Ai kowa da inda aka rage shi.” Ina zaune, carbi a hannuna, na ji su sarai. 

Ran sadakar uku sai ga mai kekuna daga Sabon Gari. Ibo ne, Kirista, amininsa na shekara da shekaru, Hausarsa ta nuna kamar a Fagge aka yanke masa cibiya. Ya tuɓe takalmi, ya cire malafa, ya zauna cikin malamai. Da aka ɗaga hannu shi ma ya ɗaga nasa. Da zai tafi ya ce a yi masa iso wurina, ya tsaya a bakin ƙofar zaure ta ciki. Ya ce, “Mama, sannu da haƙuri.” Na ce, “Haƙuri sai ma'abocinsa.” Ya share ido da bayan hannu, sannan ya rage murya ya ce, “Yanzu saura ni da ke.”

Ga jikana nan ya ɗago kai yana tambayata me wannan ke nufi. Rubuta dai, Maigida. Za ka iske ta a gaba.

Yayana baduku ne. Da can gafaka yake ɗinka wa malamai, da kube, da takalma. Da kekuna suka yi yawa a gari sai ya koma bakin kasuwar Sabon Gari, ya kafa rumfa jikin shagon mai kekuna. Shi wancan ya gyara kaca da birki, Yaya ya sake wa sirdi riga da jar fata. Haka suka zauna, ɗaya da sifana, ɗaya da basilla, suna musu a kan komai. Mai kekuna ya ce tuwo ba abinci ba ne, siminti ne. Yaya ya ce wanda yake haɗiyar garin rogo ba shi da bakin zagin tuwo. In azahar ta yi mai kekuna ya tsare masa rumfa, ran Lahadi Yaya ya tsare masa shago.

Mutum ne mara yawan magana a gida. In ya shigo sai ka ji gyaran murya sau biyu a zaure, don mata su kintsa. Yana da wata ɗabi'a da duk Fagge ta san shi da ita: ba ya tsallake takarda. In ya ga takarda mai rubutu a ƙasa, ko a bakin kwata ce, sai ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya kawo gida ya cusa a tsagar bangon zaure. Yakan ce, “Ba ka san inda sunan Allah ya ɓuya ba.” Bangon nan har ya zama kamar mai gashi. Da jikana ya fara iya karatun boko, wata rana ya zaro guda ya duba, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Baba, wannan fa tallar sabulu ce!” Yaya ko gezau. Ya ce, “To, sabulu ma ai tsarki ne. Mayar mini da ita.”

Shi ya kai yaron boko da ƙafarsa, lokacin da wasu ke ɓoye nasu a rumbu in an zo ɗiba. An yi masa surutu. Wani dattijo a masallaci ya ce masa, “Maraya aka ba ka amana, ka kai wa Nasara?” Yaya ya ce, “Allonsa yana nan, da asuba yake wanke shi. Amma ni na gaji da abu guda. Mu muke ɗinka sirdi, wasu suke hawa. Wannan yaron shi zai hau.”

Kwanci tashi, yaro ya gama elemantare, ya gama midil, aka ɗauke shi kwaleji a Zariya. Duk hutu in ya dawo, akushi ɗaya suke ci da Yaya a zaure, shi gefen hagu, Yaya gefen dama. In akwai tsoka guda a miya sai Yaya ya tura masa ita da ɗan yatsa, yana kallon wani wuri kamar ba shi ya yi ba. Ni kuma in ya shigo ɗakina sai tsiya. Ya ce, “Tsohuwa, na kusa sakinki, na samo mai haƙora.” In ce, “Tafi can, miji ba cefane. Wa zai karɓe ka da wuyan nan kamar na zalɓe?”

Ana nan, sai aka ce akwai wata babbar makaranta can Kudu, kwana biyu a jirgin ƙasa, wai ita jami'a. Daga ita babu wata a sama. Duk faɗin ƙasar nan ana zuwa nemanta, ga guraben kaɗan, 'yan Arewa da ke cikinta kuwa ba su da yawa. Jikana ya zauna jarrabawar shiga, shi da ɗan mai kekuna, rana ɗaya, ɗaki ɗaya. Mu ba mu da akwatin gidan waya, sai aka ba da na mai kekuna, aka ce in amsa ta fito ta nan za ta biyo. Kafin ta fito yaron ya karɓi aikin koyarwa a wani ƙauye, don kada ya zauna haka nan.

Tun ba a ji komai ba Yaya ya fara ɗinkin jaka. Ya zaɓi fatar akuya wadda ba ta da tabo ko ɗaya, ya yi mata aljihu uku, ya yi mata ado da koren zare a baki. Na ce, “Yaya, ba a san an ci ba, ka fara ɗinki?” Ya ce, “Ke dai ki iya bakinki. Ni na san abin da na shuka.”

A cikin wannan jira ne Allah Ya karɓi matar Yaya, uwargidan nan, abokiyar zamana. Ita kaɗai ya taɓa aura. Na ga yayana ya zama kamar bangon da ruwa ya ci gindinsa. Yana zaune a tabarma ana yi masa gaisuwa, yana amsawa, amma ba ya nan.

To, abin da duk Fagge ta sani shi ne wannan: wai takardar jami'a ta zo a cikin kwanakin makokin nan, aka ba Yaya, ya jefa a aljihun babbar riga, baƙin ciki ya mantar da shi, ba ta fito ba sai bayan arba'in. Da aka buɗe, ashe an ɗauki yaron. Amma an ce ya amsa cikin mako uku, in ba haka ba a ba wani. Haka aka faɗa, haka kowa ya riƙe.

Yaya bai zauna ba. Ya sa rigarsa ta Idi, ya rataya jakar nan, ya ce da yaron, “Tashi mu je. Ba a roƙo daga nesa.” Mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba ya hau jirgi ya ƙetare babban kogi. Kai ka fi ni sanin wannan tafiya, Maigida, da kai aka yi. Amma bari in faɗe ta yadda ya faɗa mini.

Ya ce gine-gine farare, ciyawa a aske kamar kan ango, samari na ta wucewa da littattafai a hammata, ba mai kallon wani. Suka sami ofishin magatakarda. Yaya ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Masinja ya nuna masa benci, ya ce a'a, mai roƙo ba ya hawa kujera. Kwana biyu suna zuwa suna komawa, a na uku aka shigar da su.

Ya ce magatakardan ba shi da wulaƙanci, har ruwa ya sa aka kawo musu. Ya buɗe wani babban littafi ya juyo da shi. Ga sunan yaron nan, an ja masa jan layi, an rubuta wani suna a gefensa. Ya ce an jira mako uku, an ƙara mako guda, shiru, ga masu jira da yawa.

Yaya ya ce da yaron, “Gaya masa laifina ne, ni tsoho. A hukunta ni, a bar ka.”

Yaro ya juya maganar da Turanci. Magatakarda ya girgiza kai ya amsa. Yaro ya ce, “Wai ba hukunci ba ne, Baba. Wuri ne ya cika.”

“Ce masa za ka zauna a ƙasa. Mu a makarantarmu ba a cewa ta cika. In tabarma ta ƙare sai a zauna a turɓaya.”

Yaron bai juya wannan ba. Ya sunkuyar da kai kawai. Sai Yaya ya sauke jakar daga kafaɗa, ya miƙa da hannu biyu, ya ce gaisuwa ce, aikin hannunsa ne. Mutumin ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi, ya ce ba a yin haka a nan, su sake gwadawa baɗi. Yaya ya ce mini, “Tun da nake ban taɓa miƙa ɗinkina an ƙi karɓa ba sai ran nan.”

Ranar da suka dawo ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji su a zaure. Jikana ne ya fara magana.

“Baba, tallar sabulu ka tsinto daga kwata ka adana a bango. Tawa takardar ita ka manta a aljihu?”

“Haka ne.”

“Kwana arba'in, Baba! Kullum kana sa hannu a aljihun nan kana ɗauko goro!”

“Haka ne.”

“Ba abin da za ka ce sai haka ne?”

“Ka yi haƙuri.”

“Haƙurin zan rataya a bango in ce ga abin da na karanto?”

Rariya ta faɗi daga hannuna, gari ya watse. Na miƙe zan nufi zaure, sai na ji gyaran muryar Yaya sau biyu. Na san da ni yake. Na koma na zauna.

Tun daga ran nan jikana bai ƙara sa hannu a akushin Yaya ba. Ya kama ɗaki a Sabon Gari, ya sami aikin akawu a shagon kaya na tashar jirgi. Da shekara ta kewayo ya sake zama jarrabawar, amma wanda ya wuni cikin buhunan gyaɗa da me zai yi karatu? Bai kai ba. Shekara ta uku ko takardar nema bai karɓa ba. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ni. In ya ratsa zaure sai ya rusuna daga tsaye, “Ina wuni, Baba?” Yaya ya ce, “Lafiya lau. Ga tuwo.” Ya ce, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi.” Ya wuce.

Damina huɗu ana haka. Kuma duk damina huɗun nan, in na kai wa Yaya tuwo, gefen dama kawai yake ci. Ya yanke shi tsaf a tsakiya kamar da wuƙa, ya bar na hagu, in da tsoka ya tura ta can. Na ce, “Yaya, abincin nan fa kullum sai ya kwana.” Ya ce, “Ki ɗumama da safe ki ba mabukaci. Amma kada ki rage. Gefen nan na mai zuwa ne.”

Bana ɗan mai kekuna ya gamo, ya dawo da abin da suke kira digiri. Aka yi biki a Sabon Gari, da kaɗe-kaɗensu da raye-rayensu. Na ɗauka Yaya ba zai je ba. Ya je, har ya ɗinka wa yaron takalma. Mai kekuna, don ya sanyaya masa zuciya, ya ce ai ba duk wanda ya shiga ne ya fito da ita ba, akwai waɗanda aka sallamo tun shekarar farko. Yaya ya ce, “Namu da ya shiga da ya fito.” Da ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofata, abin da ba ya yi. Can ya ce, “Na ga hoton. Wata hula suke sa musu, mai faɗi a sama kamar faifai.”  Sannan ya ce, “Da ta yi wa namu kyau.”

Zazzaɓin kwana goma ne ya kwantar da shi. Jikana ya zo, ba zan yi masa ƙarya ba, kullum yana zuwa, shi ya kawo mai allura. Amma a bakin ƙofa yake zama. Ana gobe zai cika, Yaya ya nuna jakar da ke rataye a ƙusa ya ce, “Taka ce fa.” Yaron ya ce, “Na gode, Baba.” Bai tashi ya ɗauka ba. Washegari da hantsi Yaya ya yi salati ya tafi.

To, Maigida, gyara zama. Ga maganar. Kada hannunka ya tsaya.

Takardar nan ba ta taɓa kwana a aljihun yayana ba. A hannuna ta kwana.

Ran kwana biyar da rasuwar matarsa, kai ka riga ka koma ƙauye, mai kekuna ya zo da sauri da la'asar. Jirgi zai kama, za su garinsu da ɗansa a sa masa albarka kafin makaranta. Yaya yana masallaci da masu gaisuwa. Sai ya yi sallama da ni a bakin zaure, ya miƙo mini ambulan mai kan sarauniya. Ya ce, “Mama, takardar yaro ce, ta makaranta. Tare ta zo da ta ɗana, alheri ne. Ki ba Malam yau. Yau ɗin nan, Mama.” Na karɓa da hannu biyu na ce to.

Da ya juya sai na ce a raina, bawan Allah, shi ba ya cikin al'adarmu, bai san ba a shigar da albishir gidan makoki ba. Ta yaya zan tari mutumin da ƙasar kabarin matarsa ba ta bushe ba, in ce masa ga abin murna? A yi guɗa ko a yi kuka? Mutane su ce mun ƙosa ta tafi? Na ce bari a yi arba'in, a share hawaye, sannan in fito da ita ta zama wankin zuciya. Alheri ai ba ya ruɓewa. Ni a sanina ilmi kamar rijiya yake, duk ran da ka zo da guga ka tarar da ruwa. Ban san akwai makarantar da ke da ƙyaure, a rufe shi da ƙidayar kwanaki ba. Wallahi ban sani ba.

Na rasa inda zan ajiye ta don daraja. Sai na buɗe babbar kwallata, na ɗaga alawayyon da na tanada don likkafanina, na sa ta a ƙarƙashi. Ba ni da wurin da ya fi nan tsarki. Kullum sai na duba in ga ko gara ta taɓa ta. Ina ta murna ni kaɗai, ina cewa akwai abin da na ɓoye wa mutanen nan.

Washegarin arba'in, kana gidan nan, ka fita gaida abokanka, na kai wa Yaya ita ina murmushi. Ya juya ta, ya ce, “Yaushe ta zo?” Na faɗa masa. Ya dube ni. Ya ce bari ya fara jin abin da ke ciki kafin a gaya maka. Ya nufi Sabon Gari, mai kekuna bai daɗe da dawowa ba. Shi mai kekunan ya ba ni sauran labarin da bakinsa. Ya ce da ya karanta sai ya ɗora hannu biyu a ka, ya ce, “Malam, ai Mama na ba! Na ce mata yau!” Yaya ya kama hannunsa ya sauke, ya ce, “Ni ka ba. A aljihuna ta kwana. Ka ji ko?” Ya ce, “Malam, wannan ba gaskiya ba ce.” Yaya ya ce, “Shekara nawa ina tsare maka shago? Yau ka tsare mini wannan.”

Yaya ya dawo ya gaya mini abin da na yi. Na ce bari in je in faɗi a gabanka. Ya tare ƙofa. Ya ce, “In ya ƙi ni, yana da ke. In ya ƙi ki, gun wa zai kai kansa? Ke kika goye shi. Bayana ya fi naki faɗi, bar mini kayan. Muddin ina numfashi kada ki buɗe baki.” Sau uku a shekarun nan ina komawa ina roƙonsa ya sake ni. Na ƙarshe yana kwance ne, da zazzaɓi a jikinsa. Ya ce, “Ina numfashi tukuna.”

Ni kuwa, kada in ɗora masa duka. Na ji tsoro. Duk Juma'ar da ka shigo ka ce “tsohuwa, na sake ki,” sai in ji daɗin da ba ka sani ba, ina kallo ka wuce shi a zaure. Da wannan daɗin na ci abinci damina huɗu. Allah Ya gani.

Yanzu numfashin ya ƙare. Shi ya sa na ce ba zan jira arba'in ba. Na taɓa jiranta sau ɗaya.

A nan muka tsaya jiya. Jikana ya ajiye alƙalami a kan tabarma, ya miƙe, ya fita. Na bi shi da ido har zaure. Ban kira shi ba, da wane baki? Na wuni a inda ya bar ni.

Yau da azahar na ji sallamarsa. Ƙafafunsa duk jar ƙasar maƙabarta, idanunsa sun kumbura. Bai ce tsohuwa ba, bai ce ya sake ni ba. Ya ce, “Inna, ina wuni?” kamar baƙo. Na ce lafiya. Ya shiga ɗakin Yaya ya sauke jakar daga ƙusa, ya kakkaɓe ta, ya rataya. Sannan ya ce, “Akwai tuwo?” Na ce akwai. Na ɗauko kwano, ya ce, “A'a. A akushin.”

Na zuba masa, ya ɗauka ya kai zaure. Na laɓe ina kallo ta bakin ƙofa. Ya zauna a inda yake zama tun yana yaro, ya ci gefen hagu, ya yanke shi tsaf a tsakiya. Tsoka guda ce a miyar. Na ga ya tura ta gefen dama da ɗan yatsa.

Ya wanke hannu ya dawo ya ɗauki alƙalami, ya ce, “Ƙarasa.” Ban tambaye shi ko ya yafe mini ba, shi ma bai faɗa ba. Ban san ko Juma'a mai zuwa zan ji sallamarsa ba. Ba ni da abin da zan mayar masa, jan layin nan ba ya gogewa, wanda ya kamata a nemi gafararsa kuma ya yi nisa.

Ku da kuka ce kowa da inda aka rage shi, ga gaskiya nan, ku mayar wa yayana abinsa. Bai manta ba. Bai taɓa tsallake takarda ba, balle ta ɗansa.

Ya Allah, yadda ya rufa mini asiri Ka rufa masa nasa. Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da matarsa. In ya iso ƙofarKa, kada a ce masa wuri ya cika.